Littattafan Ruwan Abarshi

Shekara ashirin da biyu Abarshi yana awon ruwan sama a Tsarnawa. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya duba gwangwanin awo, ya rubuta. Littafi goma sha ɗaya ya cika da hannunsa.

A 1993 wani buro, wato ofishi, na aikin gona a Konni ya samu ordinata, injin nan mai allon gilashi. Shugaban buron, Mahamudu, da ake kira Mushe, wato Malam da Faransanci, ya aiko aka kwashe littattafan, wai za a zuba abin da ke ciki a injin, sannan a maido masa. Wata biyar shiru.

Ran wata Laraba Abarshi ya shigo Konni cin kasuwa, ya tsaya sayen ƙosai a tasha wajen wata mata, Saude. Yana buɗe ƙunshin ya ga rubutunsa a takardar da aka ƙunshe ƙosan, mai ya jiƙa shi. Agustan 1984, shekarar fari.

"Ina kika samo takardar ga?"

"Mai gadin buro ya ba ni, Baba. Ya ce shara ce."

Ko ƙosai ɗaya bai ci ba. Ya faɗa buron babu sallama, ya maka takardar a kan tebur.

"Shara, Mushe? Ni na taka laka na auno wanga!"

"Kwantar da hankalinka, Malam Abarshi," in ji Mahamudu. Ya ɗaga wani ɗan faifai baƙi, bai kai tafin hannu ba. "Komai na nan ciki. Zamanin takarda ya wuce."

"To nuna min watan ga."

Mahamudu ya zura faifan. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru. Ya cire, ya hura, ya mayar. Sau uku. Ashe a bakin taga aka bar faifan, rana ta gasa shi, kuma babu na biyu.

Abarshi ya dube shi. "Ba injin ya cuce ni ba, kai ne. Mi ya hana ka aiko min da abina?"

Ya koma tasha ya karɓe ragowar takardun Saude, ya bi masu tsire da masu gyaɗa yana neman saura har la'asar. Abin da ya tattaro bai kai littafi huɗu ba. Shekarun farko duk sun tafi.

Bayan sati biyu Mahamudu ya zo Tsarnawa da mota, yana roƙon a ba shi aron ragowar.

"Ga tabarma, ga alƙalami," in ji Abarshi. "Kwafa a nan, ina kallonka."

Kwana uku Mahamudu ya yi yana zuwa. Abarshi bai sake yi masa magana ba.