Jan Kwalin Malam Illo

"Zauna, Rabi'u," in ji Malam Illo. Masu motar asibiti na tsaye a ƙofa, shi ko ya kafe bakin gado, jaka a cinya. "A Kazan ba a kama hanya sai an zauna minti guda, shiru."

"Nan Saint-Fons ne, a Faransa, ba Rasha ba. Tashi, Malam!"

Shekara goma sha ɗaya ƙofarmu na kallon juna a hawa na huɗu, kuma masana'anta ɗaya muke wanke wa tankunan sinadari. Ni aji uku na yi a Damagaram na gudu. Shi kuwa wai injiniya ne, daga jami'ar Kazan da ta haura shekara ɗari biyu, inda aka gano wani ƙarfe da duniya ba ta sani ba. Farfesan Bokiti muke ce masa. Ni na raɗa sunan.

Takardar digirinsa mai jan kwali ce, da rubutun da ba mai iya karantawa cikinmu, kuma ba ƙofar da ta buɗe masa a Faransa. Ko 'yarsa Husainatu, mai karatu a Villeurbanne, in ya ɗauko zancen Kazan sai ta ce, "Papa, arrête," wato ya bari haka nan.

Da ciwon huhu ya ci shi, abu ɗaya ya rage masa: yarinyar ta yarda da karatun nasa. Safiyar nan ta ɗauki takardar ta kai wa wata malamarsu 'yar Rasha. Dawowar Husainatu yake jira, na sani. Amma na ga leɓensa ya yi shuɗi. Na ɗaga shi da hannuna, ba nauyi, na miƙa musu.

Motar na shan kwana, sai ga Husainatu a guje.

"Baba Rabi'u, ina Papa? Matar nan tsaye ta miƙe da ta ga kwalin! Ta ce ja ba kowa ake ba ba, sai wanda ya fi. Wallahi gaskiya yake faɗa!"

Bai kai asibiti ba.

Ranar da za a kai gawar Paris a sa ta jirgin gida, direba na ta danna oda a ƙasa. Husainatu ta zauna bakin gadon, kwalin a cinya. Ni ma na zauna, minti gudan nan na Kazan. Tsakaninmu, inda ya saba zama, katifar har yanzu a lotse take.