Magen da Ke Odar Fulawa

Auta ta dawo daga jami'a da digiri da alwashin gyara gidan burodin babanta, inda ba mai rubuta buhu nawa ya shiga sito, nawa ya fita. Abin da ya ɗaure mata kai, shekara ashirin fulawa ba ta taɓa yankewa ba, alhali motar dillali sai ta kwana uku kafin ta iso.

"Baba, wai yaya kake sanin lokacin oda ya yi?"

"Jikina ke ba ni," in ji shi, yana hura hanci.

Auta ba ta yarda da jikin nan ba, sai ta sa ido. Ashe tsohuwar magen gidan daga saman tulin buhuna take tsallakawa taga ta sha hantsi. Ranar da tulin ya yi ƙasa har tagar ta gagare ta, sai ta mamaye kujerar Baba tana kuka. Shi kuwa, don ya samu wurin zama, sai ya ɗauki waya ya kira dillali.

Auta ta ƙirga abin da ya rage a irin wannan ranar: buhu goma sha biyu cif, fulawar kwana huɗu. Ta ja jan layi a bango daidai wurin, ta kira shi ya ga ilimi.

Baba ya daɗe yana kallon layin, ya sosa ƙeya.

"Ya yi kyau, Auta. Amma in na manta, zai biyo ni har kujera?"