Rakiyar Dona Graciete

Taɓarya na sama aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dona Ermelinda ta tsaya cak, ta dubi turmin, ta dubi ƙofar. Tun ranar da ta sauka Lisbon ɗanta Dércio ya ja mata kunne: nan ba garinsu Inhambane ba ne, bene ne, ƙasan ɗakinka rufin ɗakin wani ne. Kuma matar da ke ƙasansu ba ta da daɗi, ko yara suka yi guje-guje sai ta kai ƙara wajen mai gida. To amma ganyen rogo ba ya dakuwa a injin markaɗe, ita kuwa ba don ado ta cusa ƙaramin turminta cikin akwati ta hau jirgi da shi ba.

Ta goge hannu a zani ta buɗe. Wata tsohuwar Baturiya ce, 'yar firit, ta dafe ƙarfen matakala tana mayar da numfashi.

"Ki yi haƙuri, senhora, yanzu zan daina."

"Kar ki daina. Ganyen rogo ne ko gyaɗa?"

Ba tambayar ce ta sa Ermelinda ta saki baki ba, yaren ne. Da harshen mutanen Inhambane matar ta yi ta, a karkace, kamar yaron da ke koyon magana.

"A can aka haife ni," in ji tsohuwar. "Sunana Graciete. Ina budurwa muka taso, lokacin da kuka karɓi ƙasarku daga hannunmu. Tun daga nan ban ƙara jin wannan sautin ba. Ina kwance na ji shi a kaina, na ce ko mutuwa ce ta zo da kiɗa."

Ermelinda ta jawo mata kujera a kicin. Tsohuwar ta zauna tana kallon daka, tana ba da labarin wata mata mai suna Amélia da ta raine ta, wadda ke goya ta a baya tana daka, har barci ya kwashe ta.

"Amélia 'yar gidan wa?"

Graciete ta girgiza kai. "Ban sani ba. Amélia kawai muke ce mata."

"Uwata ma ta yi rainon 'ya'yan wasu," Ermelinda ta ce, ba ta ɗago kai daga turmin ba. "Mu sai dare muke ganin ta."

Ta ci gaba da daka. Da miyar ta nuna, ta sha kwakwa da gyaɗa, Ermelinda ta zuba mata a kan shinkafa. Tsohuwar ta ture cokali gefe ta sa hannu.

Da za ta sauka ta tambaya, "Me kika gani a garin nan tun zuwanki?"

"Wannan tagar. Sai kantin da ke ƙasa."

Gaskiya ta faɗa. Dércio direban motar kai kaya ne, matarsa Zuleica tana aiki a gidan kula da tsofaffi, yara suna makaranta. Kowa ya fita da asuba ya bar ta da talabijin.

"Gobe ki sa takalmi mai laushi," Graciete ta ce.

Haka yawon ya fara. Suka hau taragon lantarkin nan mai launin rawaya da ke kutsawa cikin lunguna, har kana iya miƙa hannu ka taɓa shanyar mutane. Suka hau tudu inda ake hango jajayen rufin gari gaba ɗaya, da kogin da Ermelinda ta rantse teku ne. Suka ci 'yar wainar ƙwai da madara mai zafi a tsaye, Graciete tana ce mata ta barbaɗa kirfa, ita tana cewa zaƙin ya isa haka. A ko'ina sai ta miƙa wa tsohuwar waya ta ɗauke ta hoto don ta aika wa ƙanwarta a gida. Rabin hotunan babu kanta a ciki.

Wata rana suka je bakin kogi, wajen wani ƙaton dutse da aka sassaƙa kamar goshin jirgin ruwa, da mutane jere a jikinsa suna fuskantar teku. Ermelinda ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon su.

"Wato daga nan kuka taso kuka same mu."

"Daga nan."

"Duk wannan nisan. Ba ku da aikin yi a gida ne?"

Graciete ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ai ga shi kun biyo sawu, maƙwabciya. Yanzu ɗanki ne ke taka min kai."

Tarin bai tsaya da wuri ba. Ermelinda ta zaunar da ita a bakin dakali, nan ne ta lura da ƙafafun: sun kumbura har takalmin ya nutse a cikin nama. Leɓenta kuma ya yi duhu. Ta san wannan. Haka mijinta ya yi a shekararsa ta ƙarshe, kullum da matashin kai uku a bayansa don ya samu numfashi.

"Likita ya gan ki?"

"Ya gani. Ya ce in zauna a gida in huta. Na ce masa hutun da ke gabana mai tsawo ne."

"Ɗanki fa?"

"Rui yana Faransa. Yana bugo waya ranar Lahadi. In na faɗa masa zai bar aikinsa ya zo ya kai ni inda surukarki take aiki." Ta gyara zaman jakarta a cinya. "Abu ɗaya nake so. Akwai ƙauyen mijina a kudu, can aka binne shi. Na daɗe ban je ba. Motar haya tana ajiye mutum a bakin titi, daga nan sai ƙafa, ni kuwa kin ga ƙafar."

Da yamma Ermelinda ta tari ɗanta da maganar kai tsohuwar ƙauyen tun bai cire takalmi ba. Ran Asabar ce kaɗai ranar hutunsa, kuma ya yi alkawarin kai ta bakin teku da yara.

"Mama, matar nan fa? Shekara da shekaru muna gidan nan ba ta taɓa ce min sannu ba. Sau biyu tana haɗa ni da mai gida."

"Kai ka taɓa ce mata sannu?"

"Ni zan fara?"

"Wa ya girmi wani? Teku kuma na baro shi a ƙofar gidana, ba shi na zo gani ba."

Zuleica tana wanke-wanke ta ce, ba ta juyo ba, "Na ga ƙafarta a matakala, Dércio. Ka kai ta."

Ran Asabar da hantsi suka haye doguwar gadar kogin. Graciete tana gaba kusa da direba, ta sha baƙar riga da ɗan kunne, ita da Dércio kowa ya ƙura wa titi ido. Sai da gari ya ƙare, fili ya buɗe, sannan bakinta ya buɗe. Ta nuna musu gonakin zaitun, da itatuwan da aka ɓare wa ɓawo har gindinsu ya yi ja kamar an feɗe su, ta ce da ɓawon ake yin murfin kwalba. A kan kowane turken lantarki akwai sheƙar shamuwa, tsuntsayen a tsaye da ƙafa ɗaya.

"Waɗannan daga wajenmu suke zuwa," Ermelinda ta ce.

"A'a, namu ne. Ziyara suke kai muku."

"Babu mai tambayarsu takarda dai," Dércio ya ce. Tsohuwar ta dube shi a karo na farko, ta yi murmushi.

Ƙauyen fararen gidaje ne masu shuɗin layi a gindin bango, babu kowa a titi sai wani kare da tsofaffi biyu a ƙofar shagon shayi. Maƙabarta tana kan ɗan tudu, mota ba ta kaiwa. Graciete ta yi 'yan taku ta tsaya, ta ƙara kaɗan ta sake tsayawa, ta dafa bango. Ermelinda ta dubi ɗanta. Dércio ya miƙa mata makullin mota, ya juya baya ya durƙusa.

"Hau, Dona Graciete."

"Zan yi maka nauyi."

"Firji nake ɗauka zuwa hawa na biyar. Hau."

Ta hau. Ermelinda na biye da su da kwandon abinci, tana kallon siraran hannayen da suka zagaye wuyan ɗanta.

A bakin kabarin tsohuwar ta goge hoton mijinta da hankici, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da rahoton cefane. Ta nuna wa Ermelinda wurin da ke gefensa. "Nan ne nawa. Kin ga ana hango tumaki." Daga baya suka zauna a inuwar wani ɓaure a bayan coci, suka ci burodi da cuku da ragowar miyar ganyen rogo. Graciete ba ta ci da yawa ba. Ta jingina da itacen ta lumshe ido, iska tana kaɗa mata farin gashi.

"Maƙwabciya, in kin koma, ki tambaya min ko akwai wanda ya san dangin Amélia. Bayan kasuwa take, kusa da masu gyaran kwalekwale."

"Amélia ai sun fi a ƙirga."

"Na sani. Ki dai tambaya."

"Zan tambaya."

Ba ta ƙara fita ba bayan wannan rana. Ermelinda ta koma sauka kullum da safe, ta dafa mata shayi, ta shafa mata man kwakwa a ƙafafu. Ita ce ta matsa har aka kira Rui, ya ce zai taho ƙarshen mako. Ran Alhamis da rana, Ermelinda na zaune a bakin gado da ƙafar tsohuwar a cinyarta, tana ba ta labarin yadda kasuwar Inhambane ta koma yanzu, wane shago ya rushe, wane ya zama banki. Graciete tana cewa "uhm" a hankali. Can Ermelinda ta lura ta daɗe ba ta ji "uhm" ɗin ba. Ta ƙarasa shafa man, ta sauke ƙafar, ta rufe mata ido, sannan ta hau sama ta kira Zuleica a waya.

Rui ya iso washegari, dogon mutum mai furfura, ya tsaya tsakiyar ɗakin uwarsa bai san inda zai ajiye jakarsa ba. Ya ce za a yi abin a taƙaice, don ba su da sauran dangi. Shi da limamin coci sun isa.

"Mutum biyu?" Ermelinda ta ce. "Kaza ce?"

Ta bi gidan hawa-hawa tana ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu suka ce ba su san matar ba, wasu suka ce sun san ta sarai, shi ya sa. Duk da haka ranar jana'iza mota uku ta tashi zuwa ƙauyen: iyalin Dércio, da wasu mata biyu 'yan Cabo Verde daga hawa na huɗu, da mai kantin ƙasa, mutumin Bangladesh, wanda ya ce kullum sai ta yi masa faɗa a kan tumatir. Dércio yana cikin masu ɗaukar akwati. Da aka rufe kabarin, Ermelinda ta raba wa kowa fure ta nuna musu yadda ake yi a gida: a soke shi a cikin ƙasa a tsaye, a zuba masa ruwa. Matan suka ɗauki waƙa, ita ma ta kama da nata yaren.

La'asar ta yi sanyi suka dawo Lisbon. Ermelinda ta riga kowa fita daga mota, ta hau sama, ta sauko da roba da butar ruwa ta tsaya a ƙofar gidan. A Inhambane ba a shiga gida da ƙurar maƙabarta a hannu. Dércio ya wanke, Zuleica ta wanke, sauran suka bi layi. Rui ne na ƙarshe. Ya tsaya yana kallon robar, ya dubi fuskar matar da bai sani ba sai shekaranjiya.

"Miƙo hannunka, ɗana."

Ya naɗe hannun rigarsa a hankali, ya miƙa duka biyun. Ta karkata butar, ruwan yana zuba a kan yatsunsa yana sauka cikin robar, bai janye ba har butar ta ƙare.