Man Idon Kyanwar Iya Tasalla

"Naɗe ta sosai mana, Ɗantala. Kai ko jariri ba ka taɓa riƙewa ba?"

Ina durƙushe a tsakar gidan maƙwabciyata Iya Tasalla, ni da furfurata, rungume da kyanwarta cikin tsohon zane. Iya ta tsoma auduga a ruwan gishiri mai ɗumi, ta goge mata idon hagu. Idon ya kumbura, ya yi fari, yana tsiyaya. Kyanwar ba ta yi kuka ba, jikinta kawai ke ɓari. Shekararta goma sha shida a gidan, haƙoranta ma sun zube.

An gwada kwalli. An gwada nonon mai jego, wanda matata Barira ta tatsa a cokali tana hararata. Duk bai yi ba.

Ita kanta Iya kwananta uku ko koko ba ya zama mata. Na ce gobe in goya ta a keke mu je ɗakin shan magani na Rogo. Ta ce ita ta gama shan nata maganin a duniya, amma ta ji ana ba da wani man ido a ɗan bututu, shi take so a samo wa wannan baiwar Allah. Na ce ai malamin asibiti ba ya duba kyanwa.

"To kai ba ka da ido ne?"

Washegari na bar gyaɗata shanye a gona, na hau keke daga ƙauyenmu Jajaye. Dab da shiga gari na tsaya gindin wata tsamiya na murza albasa a idona na hagu. Ya ƙi yin ja, sai na ƙara da garin taba. Da laluben hanya na ƙarasa, ina tura keken.

Malamin ya gwale idon da yatsa, ya tambayi yaushe ya fara. Na ce ya fi wata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo bututun, ya ce sau uku a rana, kuma taba a baki ake zuba ta.

Da na dawo bayan azahar, takalman mata na tarar jere a ƙofar gidan Iya. Har an yi mata wanka. Barira ta ce da hantsi ta cika, kuma sau biyu tana tambaya ko na dawo.

Muka kai ta makwancinta. Ban ji komai ba sai zugin ido. A zaure liman Malam Halliru ya dafa kafaɗata, ya ce in rage kuka, addu'a take buƙata yanzu, ɗan cikinta ma bai yi jan ido irin nawa ba. Na ce Allah ya ba mu haƙuri. Bututun yana aljihun taguwata.

Da la'asar sakaliya na sami kyanwar a ƙarƙashin rumbu. Na matse ta tsakanin gwiwoyina, na ɗaga fatar idon, na matsa man. Hannuna ya goce, rabi ya tafi a gashin baki. Na sake matsawa.

Da na sake ta, ta taka a hankali zuwa bakin ɗakin Iya, inda sauran rana ta rage a kan daɓe, ta kwanta. Idon a rufe, man yana ƙyalli a gefensa. Ba ta ɗaga ƙafa ta sosa ba.