Mai Tsallake Ƙwallo

Ni ne golan ƙungiyarmu, don haka babu wanda ya kai ni sanin ƙafar Bahago. Ranar da ya fara atisaye da mu, bugun tazara biyar ya yi mini, huɗu a cikin raga na tsinto su. Na biyar ɗin da na tare, yini na yi yatsuna suna zugi.

Amma muna da Kyaftin. Shekara tara shi ke buga mana duk wani bugun tazara, wa zai ce masa ya matsa? Sai koci ya fito da dabara: Bahago ya sheƙo kamar zai buga, ya tsallake ƙwallon, 'yan katanga su yi tsallen banza, Kyaftin ya biyo baya ya narka. Dabarar ta yi aiki, ban musa ba. Kaka biyu ana haka, 'yan kallo suna ta ihun Kyaftin, mai ƙafar gaske kuwa an mayar da shi ɗan tsalle. Abin ya riƙa ci mini rai. Ya kai ko raga ce wangame a gaban Bahago, sai ya ɗaga kai yana neman Kyaftin.

Dab da ƙarewar kwantiragin Bahago, Kyaftin ya sha jan kati. Koci ya kira Bahago a gabanmu.

"Wasan Asabar naka ne. Ka nuna mini dalilin da zai sa in riƙe ka, ko ka nemi wani wuri."

Saura minti shida a tashi, babu ci, muka samu bugun tazara a daidai inda ƙafar hagu ke so. Bahago ya ajiye ƙwallo, ya ja baya. Alƙali ya busa usur. Ya sheƙo da gudu, ya tsallake ƙwallon.

Babu kowa a bayansa. Ƙwallon na nan zaune a kan ciyawa, fili ya kece da dariya, har magoya bayanmu. Da ya koma ya sake, ƙafar ta riga ta mutu, a gwiwar ɗan katanga ƙwallon ya ƙare. Ni da ke can nesa ji na yi kamar in nutse.

Ranar Litinin na same shi shi kaɗai a ɗakin sauya kaya, yana ɗaure igiyar takalmi. Na zo da shirin yi masa sallama.

"An sabunta mini, Yaya," ya ce.

"Kai haba! Koci ya haƙura?"

"Kyaftin ne ya sa baki. Wai ya saba da guduna, ba ya so a canja masa mai tsallakewa."

"Kuma ka sa hannu? Da wannan ƙafar taka?"

Ya ƙarasa ɗaure igiyar takalmin, sannan ya ɗago.

"Yaya, kar ka gaya wa kowa. Da aka ce ba ni zan riƙa bugawa ba, wallahi daɗi na ji."