Kusoshi Biyu a Ƙugun Mai Keke

Ba wata faɗuwar kirki ta yi ba. Mai Keke, tsohuwar telar da ke hawa na uku, ta zo zama gaban keken ɗinkinta sai kujerar ta goce, ta zauna daɓas a ƙasa. Har dariya ta yi. Washegari ta kasa taka ƙafa.

A asibitin unguwa aka yi mata hoto, aka ce ƙashi lafiya lau, tsufa ne, ta je ta huta. Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta roƙi maƙwabta suka hau da ita bene a kan kujera.

Mako bakwai tana kwance rigingine. In ta motsa, ciwon ya taso daga ƙasan gadon baya ya ratsa cinyoyi. Auta ta ɗauki hutu a wurin aiki, hutun ya ƙare, ta ƙara wani. Ita ke juya ta, ita ke sa mata fo ta fitar. Hira ta ƙare tsakaninsu, sai "ɗaga kaɗan" da "ya isa".

Ranar da Auta ta ga fatar bayan uwar ta fara salɓewa, ta sake tara maƙwabta suka sauko da tsohuwar. A babban asibiti aka tura ta cikin na'urar hoto mai kama da rami. Likitar ƙashi ta nuna musu tsaga biyu a ƙashin da ya haɗa baya da ƙugu.

"Hoton farko ba ya nuna irin wannan," in ji ta. "Ƙashin ya yi sakayau, shi ya sa zama kawai ya tsaga shi. Za mu sa kusoshi biyu ta ƙananan huji, mu ƙarfafa su da simintin ƙashi."

Auta ta kira yayanta ta sa wayar a bayyane.

"Shekara saba'in da huɗu za a yanka ta? Ban yarda ba," in ji shi. "A ci gaba da magani."

"Yaya, kai kake juya ta?"

Suka yi ta yi a kan Mai Keke, ita tana kallon silin. Likitar ta jawo kujera kusa da gadon.

"Mama, ke me kika ce? Akwai haɗari, ba zan ɓoye miki ba. Kwanciyar ma haɗari ce."

"Ɗinkin zai riƙe?"

"Ina sa ran haka."

"To miƙo takardar. Auta, kashe wayar nan."

Kwana ɗaya bayan aikin, ma'aikata biyu suka tayar da ita ta kama ƙarfen dogarawa. Jiri ya ɗebe ta, ƙafafun sun zama kamar na aro. Ciwon yana nan, amma ba wanda ta sani ba. Likitar ta ce sauran ƙasusuwan ma haka suke, za ta daɗe tana shan magani, kuma ba ita ba hawa ko sauka sai an riƙe ta.

A rana ta huɗu Mai Keke ta ja ƙarfen har banɗaki, ta shiga ta turo ƙofa.

"Inna, kar ki sa sakata," in ji Auta daga waje.

Hannunta na kan sakatar. Ta ɗan jima a haka, tana jin numfashin 'yar ta jikin katako, sannan ta sauke hannun.

"Ban sa ba. Je ki zauna mana."

Auta ba ta tafi ba.