Sha Biyu ko Ashirin da Huɗu

Kafaɗar dama ce ta fara cin amanar Ɗayyabu kafinta. Shekara talatin yana jan zarto a Bakura, sai ga shi katako biyu ke sa shi zama yana cije baki. Ana haka aka ba shi aikin ƙofofin wata sabuwar Islamiyya a Dosara, da sharaɗin ya gama kafin buɗewa ranar Juma'a. Ya san in ya kasa, labari zai zaga cewa ya tsufa, daga nan kuma babu mai sake kiransa.

Yana da zarton lantarki da na'urar huda, amma Dosara babu wuta. Ƙanensa Jibirin, direban bas, ya ce ya sayi inbata, akwatin da ke juya wutar batirin mota ta koma irin ta gida. Shi kuma zai ba shi motar ranar Alhamis, rana ɗaya tak.

Ranar Talata Ɗayyabu ya shiga kasuwar Mafara, shagon wani Dikko mai kayan wuta. Aka yi gaisuwa har aka gaji. Ɗayyabu ya nuna wata 'yar jar inbata mai sheƙi.

"Wagga ba ta ɗaukar zarto, Malam," in ji Dikko. "Zarto in zai tashi shina jan wuta ninki biyu. Ga wadda tad dace da kai." Ya jawo wata baƙa mai nauyi. "To, motar taku sha biyu ta ko ashirin da huɗu?"

Ƙarfin batiri Dikko ke tambaya. Ɗayyabu kuwa, bawan Allah, sai ya hango bas ɗin Jibirin ranar kasuwa, mutane har bakin ƙofa, ga buhunan albasa a sama. Sha biyu? Ai wannan raini ne ga ƙanensa.

"Ashirin da huɗu, cif," ya ce. "Wani lokaci har da ƙari."

Dikko ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne. Ya haɗa inbatar da batura biyu na shagonsa, zarto ya yi kuka, kowa ya gamsu.

Alhamis da hantsi suka isa Dosara. Malam Abdulbasit, shugaban makarantar, ya fito da dattawa don ganin abin mamaki. Jibirin ya maƙala wayoyi a batiri. Inbata ta yi tsiii, jar fitila ta kama, zarto ko motsi. Aka sake, aka goge kan batiri, aka tada mota. Tsiii. Jibirin ya juya akwatin ya karanta lambar da ke gindinsa.

"Yaya, wagga ta babbar mota ta. Wa ya ce maka ashirin da huɗu?"

"Ba su kake ɗauka ba?"

Jibirin ya dubi dattawa, ya cire wayoyin daga batiri. Batiri na biyu ake buƙata, garin kuwa duk babura ne. A je Mafara a dawo, rana ta tafi.

Kunya ta kama Ɗayyabu har cikin ƙashi. Ya zaro tsohon zartonsa na hannu. Katako na farko ya fita sumul. Na biyu ya ɗan karkace. A tsakiyar na uku hannun ya ƙi ɗaguwa, zarto ya tsaya cak cikin katako, gumi na ɗiga a kai.

Malam Abdulbasit ya raɗa wa wani dattijo a aika Maradun a kira kafinta mai janareto. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya matso da ladabi.

"Baba," ya ce, "ku zo ku huta. Kun yi naku."